Yaƙin Midway na 1942 da Hanyar da ta Kai Sojojinmu Bama

Gabatarwa

A ƙasar Dutse, da Kiyawa, da Jahun, da Birnin Kudu, idan dattawa suka tashi ambaton Yaƙin Duniya na Biyu, da ɗayan sunaye biyu suke kiransa: ko dai yaƙin Hitila, ko kuwa yaƙin Bama. Na farko sunan wanda ya tayar da fitinar ne a Turai, na biyu kuwa sunan ƙasar da aka kai samarinmu suka gwabza da sojojin Japan. A wancan zamani garuruwan nan duka suna ƙarƙashin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, cikin Lardin Kano, domin sai a 1991 aka yanke Jihar Jigawa, Dutse ta zama hedikwatarta. Ta hannun hakimai da dagatai Turawan mulki suka riƙa neman samari majiya ƙarfi don aikin soja, kamar yadda suka yi a sauran lardunan Arewa.

Akwai wata tambaya da ba a cika yi ba idan ana wannan hira. Yaya aka yi manomin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi ambaliyar kogin Haɗeja faɗi ba, aka sa shi cikin jirgi a Ikko, ya ƙetare Tekun Indiya ya sauka lafiya a 1943, alhali kuwa a watan Afrilu na 1942 jiragen Japan ne suke cin karensu babu babbaka a wannan teku? Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa babban ɓangare na amsar yana cikin wani yaƙin ruwa da aka yi tsakanin Amurka da Japan daga 4 zuwa 7 ga watan Yuni 1942, kusa da wani ɗan tsibiri da ake kira Midway, a tsakiyar Tekun Fasifik. Za mu duba asalin yaƙin, da yadda ya gudana, da dalilan da suka sa ya ƙare yadda ya ƙare, sa'an nan mu dawo gida.

Asalin Rikicin

Japan ƙasa ce ta tsibirai, mai masana'antu, amma ba ta da man fetur nata na kirki. Tun 1937 take yaƙi da ƙasar Sin, kuma mafi yawan man da jiragenta suke sha daga Amurka take sayensa. A 1941 Amurka ta toshe mata wannan kafa. Shugabannin sojan Japan suka ga abu biyu ne a gabansu: ko su janye daga Sin, ko su ƙwace rijiyoyin man da ke tsibiran da yanzu ake kira Indonesiya. Suka zaɓi na biyu. Domin kada rundunar ruwan Amurka ta tare musu hanya, sai suka auka mata a masaukinta na Pearl Harbor da ke Hawayi ranar 7 ga Disamba 1941.

Makamin da suka kai wannan hari da shi shi ne ginshiƙin labarinmu, saboda haka ya kamata a bayyana shi. Wani irin jirgin ruwa ne mai shimfiɗaɗɗen rufi, tsawonsa ya kai mita 250, watau kamar filin ƙwallo biyu da rabi. A cikinsa ake ajiye jiragen sama, a ɗura musu mai, a ɗaura musu makamai, sa'an nan a hau da su bisa rufin su tashi, su kai hari, su dawo su sauka. Don sauƙin magana za mu riƙa kiransa mai-goyo. Kafin zuwansa, girman igwa da kaurin ƙarfe su ne ƙarfin rundunar ruwa, kuma sai an ga abokin gaba ake harbinsa. Mai-goyo kuwa yakan kai duka daga nisan ɗaruruwan kilomita. Da masu-goyo shida Japan ta kai harin Pearl Harbor, a ƙarƙashin Adimiral Nagumo: Akagi, da Kaga, da Soryu, da Hiryu, da Shokaku, da Zuikaku. Sun yi wa manyan jiragen igwa na Amurka mummunar ɓarna, amma aka yi katari masu-goyon Amurka ba sa masauki a ranar, suka tsira.

Daga nan sai nasara ta yi ta bin nasara. Singafo ta faɗi ranar 15 ga Fabrairu 1942, Rangun babban birnin Bama ta bi baya a watan Maris. Faɗuwar Malaya ta raba Ingila da babbar mahaƙarta ta kuza, abin da ya sa daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza ta tilas a tsaunukan Jos, aikin da talakawa suka laƙaba wa suna ɗiban gwamna. Tun daga nan mai karatu zai ga cewa ƙurar yaƙin Gabas Mai Nisa ta iso mu tun kafin a kai sojanmu ko ɗaya can.

Nagumo a Tekun Indiya

A farkon Afrilu 1942 Nagumo ya shiga Tekun Indiya da masu-goyo biyar, uku daga cikinsu su ne Akagi, da Soryu, da Hiryu. Ranar 5 ga wata ya kai wa Kolombo hari a tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka, ya kuma nutsar da manyan jiragen yaƙin Ingila biyu, Cornwall da Dorsetshire. Ranar 9 ya nutsar da mai-goyon Ingila mai suna Hermes. A cikin kwanakin nan wata rundunar ta Japan ta nutsar da jiragen kasuwanci sama da 20 a gaɓar gabashin Indiya. Adimiral Somerville na Ingila ya ga sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, sai ya janye tsofaffin jiragensa har Mambasa a gaɓar Kenya.

Abin lura a nan shi ne, a wannan lokaci babu wata runduna a Tekun Indiya da za ta iya tsayawa gaban Nagumo. Da zai riƙa komowa duk lokacin da ya ga dama, da jigilar dubban sojoji daga Afirka zuwa Indiya ta zama kasada wadda da wuya wani kwamanda ya yarda da ita.

Tarkon Yamamoto da Warware Zaurance

Babban kwamandan rundunar ruwan Japan, Adimiral Yamamoto, ya zauna a Amurka, ya ga masana'antunta da idonsa, ya san in yaƙi ya yi tsawo Japan ba za ta kai labari ba. Burinsa shi ne ya hallaka masu-goyon da suka kuɓuce masa, ko Amurka ta karaya ta nemi sulhu. Ranar 18 ga Afrilu 1942 jiragen sama 16 suka tashi daga mai-goyon Amurka Hornet suka jefa bama-bamai a Tokiyo da wasu birane. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma abin kunyar ya rufe bakin masu gardama da shirin Yamamoto.

Shirin kuwa shi ne a kai wa Midway hari. Tsibirin bai wuce murabba'in kilomita 6 da 'yan kai ba, kuma yana da nisan kimanin kilomita 2,100 arewa maso yamma da Honolulu, watau kamar tafiyar Kano zuwa Ikko sau biyu. Yamamoto ya ƙaddara cewa Amurka ba za ta bari a ƙwace ƙofar Hawayi tana kallo ba, dole ta fito da masu-goyonta, shi kuwa yana laɓe da manyan jiragensa ya far musu. Sai dai shirin yana da ɓaraka biyu. Ta farko, ya rarraba rundunarsa kashi-kashi, nesa da juna, har ya tura wani sashe can tsibiran Aleutian kusa da Alaska. Ta biyu, a wani karo da aka yi a Tekun Coral a farkon Mayu, an raunata Shokaku, Zuikaku kuma ta yi asarar jiragen sama da matuƙa da yawa, saboda haka da masu-goyo huɗu Nagumo ya fita maimakon shida.

Akwai ɓaraka ta uku wadda Japan ba ta san da ita ba. Saƙonnin rundunarta ta rediyo cikin wani irin zaurance na lambobi ake aika su, kuma wasu ma'aikata a Hawayi, a ƙarƙashin Kwamanda Joseph Rochefort, sun fara warware shi. Suka lura ana ta ambaton wani wuri da haruffa biyu, AF. Domin su tabbatar, sai suka sa mutanen Midway su aika saƙo a fili cewa injin tace ruwansu ya lalace. Ba a daɗe ba suka tsinci saƙon Japan yana cewa AF na fama da ƙarancin ruwan sha. Da wannan dabara Adimiral Nimitz, kwamandan Amurka a Fasifik, ya san wurin da za a kai hari, da lokacin, da kimanin ƙarfin masu zuwa. Ya tura Enterprise da Hornet a ƙarƙashin Adimiral Spruance. Yorktown, wadda aka raunata a Tekun Coral har Japan ta ɗauka ta nutse, aka yi mata gyaran gaggawa cikin kwana uku, ta bi su a ƙarƙashin Adimiral Fletcher. Su ukun suka yi kwanto arewa maso gabas da Midway. Wanda ya haƙa rami, ga shi yana tafe zai auka ciki.

Ranar 4 ga Yuni

Da ƙarfe 4:30 na asuba Nagumo ya tayar da jiragen sama 108 zuwa Midway. Ya ajiye saura a ciki, yawancinsu ɗauke da makaman nutsar da jiragen ruwa, musamman tofido, watau doguwar nakiya mai tafiya da kanta a ƙarƙashin ruwa. Masu kai hari suka yi ɓarna a tsibirin, amma shugabansu ya aiko cewa akwai bukatar a sake kai wani harin. Da ƙarfe 7:15 Nagumo ya ba da umarni a sauke tofido a ɗaura bama-baman da suka dace da tudu. Ana cikin wannan aiki sai wani jirgin leƙen asiri, wanda ya makara rabin sa'a wajen tashi, ya aiko cewa ya ga jiragen ruwan Amurka. Nagumo ya tsayar da aikin. Wajen 8:20 ɗan leƙen asirin ya ƙara da cewa akwai mai-goyo a cikinsu.

A nan Nagumo ya shiga halin gaba kura baya sayaki. Jiragen da suka kai hari Midway sun dawo, mansu ya kusa ƙarewa, suna jiran a ba su rufi su sauka. Rufi kuwa ɗaya ne: ba a tashi da sauka a kansa lokaci guda. Adimiral Yamaguchi na Hiryu ya ba da shawara a kai hari nan take da abin da ke hannu. Nagumo ya zaɓi ya fara saukar da mutanensa, sa'an nan ya kai cikakken hari cikin tsari. A cikin gaggawar sauya makamai, ma'aikata suka bar bama-bamai da tofido zube a ɗakunan jirage, ba a mayar da su rumbu ba.

Amurkawa kuwa tun ƙarfe 7:00 suka fara tayar da nasu, daga nisan da ya haura kilomita 250, kamar tsakanin Dutse da Kaduna a miƙe. Harin nasu bai tafi da tsari ba, ƙungiyoyi suka rabu a sama, wasu suka ɓata hanya. Masu tofido ne suka fara isa, wajen 9:20, suna tafiya ƙasa-ƙasa kuma a hankali. Daga Hornet jirage 15 suka kai hari, aka kakkaɓo su duka, mutum ɗaya tak ya rayu cikin 30, shi ne George Gay. Cikin masu tofido 41 da suka tashi daga masu-goyon nan uku, 35 ba su dawo ba, kuma babu tofido ɗaya da ya yi wa Japan lahani. Amma jinin nasu bai zuba a banza ba. Hare-haren da suka yi ta zuwa bi da bi sun tilasta wa jiragen Nagumo su yi ta kauce-kauce, rufinsu kuma ya shagala da tayar da jiragen tsaro da saukar da su, har aka kasa samun sararin shirya babban harin.

A can sama kuma akwai wasu jirage masu sura irin ta shirwa, waɗanda kan taho daga ƙololuwa su kife kai tsaye su saki bam. Shugaban na Enterprise, Wade McClusky, ya isa inda ya zaci zai tarar da abokan gaba ya ga ruwa fayau. Mansa yana ƙarewa, amma ya ci gaba da nema, har ya hangi wani ƙaramin jirgin rakiya na Japan mai suna Arashi yana sauri shi kaɗai. Ya bi sawunsa, shi kuwa ya kai shi har gida. A daidai lokacin ne masu sura na Yorktown suka ɓullo ta wata fuska. Daga ƙarfe 10:22, cikin abin da bai wuce minti shida ba, bama-bamai suka sami Kaga, da Soryu, da Akagi. Bam ɗaya ne kurum ya faɗa tsakiyar Akagi, amma ya tarar da jirage cike da mai da makamai a zube, wuta ta kama ta ƙi kasuwa.

Hiryu kaɗai ta rage. Yamaguchi ya kai hari sau biyu, duka biyun a kan Yorktown, domin bayan harin farko ma'aikatanta sun kashe wuta sun tayar da inji da sauri, har matuƙan Japan suka zaci wani jirgin ne dabam. Wajen ƙarfe 5:00 na yamma masu sura suka sami Hiryu ita ma. Yamaguchi ya ƙi barin jirginsa, ya nutse tare da shi. Kashegari Yamamoto ya soke shirin duka. Ranar 6 ga wata aka nutsar da babban jirgin igwa Mikuma. A ranar ce kuma wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya harbi Yorktown ana janta, ya nutsar da ƙaramin jirgi Hammann da ke gefenta, ita kuwa ta nutse da safiyar 7 ga wata.

Japan ta yi asarar masu-goyo 4, da jiragen sama 248, da mutum 3,057. Amurka ta yi asarar mai-goyo 1, da jiragen sama kimanin 150, da mutum 307. Hukumar Japan ta ɓoye wa jama'arta gaskiya, ta ce ita ta yi nasara, aka kuma killace waɗanda suka ji rauni don kada labari ya fita.

Dalilan Nasara

An daɗe ana kiran wannan yaƙi abin al'ajabi, ana jingina shi ga sa'a. Wani hafsan Japan da ke cikin Akagi a ranar, Fuchida, ya rubuta cewa saura minti biyar jiragensu su tashi bama-bamai suka sauka. A 2005 wasu masana biyu, Jonathan Parshall da Anthony Tully, suka bi littattafan tashi da saukar jirage na rundunar Japan, suka nuna cewa jiragen harin suna ɗakunan ƙasa a lokacin, ba a ko hau da su rufi ba. Lalle sa'a ta yi aiki, kamar yadda labarin McClusky ya nuna, amma sa'ar ta tarar da shiri. Nimitz ya san sirrin abokin gabansa, Yamamoto kuwa bai san inda nasa yake ba. Nimitz ya tara ɗan abin da yake da shi wuri ɗaya, Yamamoto ya warwatsa mai yawa, har ya zama a fagen fama masu-goyo huɗu ne suka fuskanci uku da filin jirgin saman Midway, wanda ba ya nutsewa. Bugu da ƙari, Amurkawa sun fi ƙwarewa wajen kashe gobara a jirgi, Japanawa kuwa duk hankalinsu yana kan kai hari.

Ba a nan yaƙi ya ƙare ba. Shokaku da Zuikaku suna nan, kuma sai da aka shafe wata shida ana zub da jini a tsibirin Guadalcanal, daga Agusta 1942 zuwa Fabrairu 1943. Abin da Midway ta yi shi ne ta ƙwace linzami daga hannun Japan. Daga nan masana'antu suka yanke hukunci: kafin a gama yaƙi Amurka ta ƙaddamar da manyan masu-goyo 17 na samfurin Essex kaɗai, abin da Japan ba ta ko kusanta ba.

Hanyar Bama

Yanzu sai mu dawo ga tambayarmu. Uku daga cikin masu-goyo biyar da suka razana Tekun Indiya a Afrilu sun kwanta a ƙarƙashin Fasifik a Yuni, biyun da suka rage kuma yaƙi da Amurka ya riƙe su. Rundunar masu-goyon Japan ba ta sake kai hari irin na Silon ba. Ranar 1 ga Maris 1943 aka kafa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, aka kafa ta 82 a watan Agusta na shekarar. Sojojin Nijeriya suna da yawa a cikinsu, Hausa kuwa ita ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne, wanda a tatsuniyoyin mutanen Gana yake matsayin Gizo namu. Na ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye bisa gammo. Ta 81 ta sauka Indiya a 1943, ta 82 ta bi ta a 1944.

Duk da haka hanyar ba ta rasa haɗari ba, domin jiragen ƙarƙashin ruwa suna yawo. Ranar 12 ga Fabrairu 1944 ɗayansu ya nutsar da jirgin Khedive Ismail kusa da tsibiran Maldives, mutum 1,297 suka hallaka, mafi yawansu sojojin Afirka ta Gabas. Wannan asarar jirgi ɗaya ce ta hannun ɓarawon teku ɗaya. Mai karatu sai ya auna abin da rundunar Nagumo za ta yi wa ayarin jiragen soja da tana nan da ƙarfinta.

Sojojinmu sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, cikin kurmi da duwatsu inda mota ba ta shiga, wasu suna ɗauke da kaya a ka, abinci kuwa daga jirgin sama ake jefo musu. Bataliyoyi uku na Nijeriya sun yi aiki da rundunar Chindit a bayan layin abokan gaba a 1944. A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung. Japan ta sa hannu a takardar miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945, Nimitz yana cikin waɗanda suka sa hannu a madadin masu nasara. Sunan rundunar Chindit da sunayen wuraren da aka fafata sun zauna a barikokinmu: Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Badun, Dodan da Myohaung da Arakan a Ikko. A adabinmu kuwa, Malam Sa'adu Zungur ya yi wa sojojin nan waƙar Maraba da Soja.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa yaƙin Midway, duk da nisansa, yana da hannu a tarihin ƙauyukanmu. Shawarar da Nagumo ya yanke da hantsin 4 ga Yuni 1942, da zaurancen da aka warware a Hawayi, suna cikin abubuwan da suka buɗe tekun da aka bi da samarin ƙasar Kano zuwa Bama bayan shekara guda. An gano gawar Yorktown a ƙarƙashin teku a 1998, aka gano ta Kaga da Akagi a 2019, masana kuma suna ta nazarinsu. Namu mazan jiya kuwa kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage shi ne labaran da suka bar wa 'ya'ya da jikoki, da waƙoƙin bariki, da lambobin yabo da takardun sallama da ke cikin adakoki a Dutse da kewayenta. Tattara waɗannan aiki ne da ya hau kan ɗaliban Hausa, kuma lokacin yin sa yana ƙurewa.